Yadda Na Gaisa da Surukaina Daga Rufin Mota

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar jajibirin bikin 'yata Nafisa ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwar Small Heath ta Birmingham ba za su bar ni ba.

Bari in fara da motar. Ni direban bas ne a Manchester, shekara goma sha tara ina kai da kawowa a kan Stockport Road. Wanda ya yini yana kai mutane inda suke so, wata rana shi ma zai yi sha'awar kai kansa inda yake so. Shi ya sa na sayi motorhome, wato motar nan ta tafi-da-gidanka, mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi Nafisa da shekara biyu. Ranar da na faka ta a layinmu na Longsight ta cinye wurin mota biyu da rabi. Matata Hajara ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Baban Nafisa, kai ka biya su, ko su suka biya ka don ka ɗauke musu ita?"

Ban kula ta ba. Mun je bakin teku da ita, mun je Wales, har Hajarar ma ta fara yi mata labule. Matsalarta ɗaya: esin da ke kan rufinta, wato na'urar sanyaya ciki, ya mutu tun bara. In ka kunna shi sai ya yi gurnani, ya ɗiga ruwa a kan tebur, ya hura maka iska mai ɗumi.

To sai ga bikin Nafisa ya faɗo a tsakiyar Yuli. Ita nas ce a babban asibitin nan na Edgbaston da ke Birmingham, a can ta haɗu da Idris, yaro mai hankali, ɗan wani dattijo Bakano da ke zaune a Small Heath, Alhaji Bala. Ni ban taɓa zama da Alhajin ido da ido ba. Lokacin da aka zo neman aure yana Kano yana jinyar ɗan'uwansa, ƙannensa ne suka wakilce shi. Ta waya kawai muke gaisawa, kuma in ya yi Hausarsa ta cikin birni sai in ji tawa ta zangon Kumasi ta takure. (Mu a Kumasi ba mu cika damuwa da bambancin "ya" da "ta" ba. Kafin in kira shi sai na yi bita a raina.) Na ƙudura cewa ranar da zai fara ganina, dattijo mai kamala zai gani.

Ana saura sati uku aka fara sanarwa cewa makon bikin za a yi zafin da ba a saba gani ba. Hall ɗin da aka kama a Birmingham, wato ɗakin taron bikin, tsohon gini ne, tagoginsa ba sa buɗewa sosai, fanka huɗu ne kawai a ciki. Mu kuwa muna da Hajiya, mahaifiyar Hajara, wadda ke zaune tare da mu, tana da ciwon zuciya, kuma likitanta ya ja mana kunne a kan zafi. Za ka ce wadda ta girma a Kumasi me zafin Ingila zai yi mata? Ai wannan daban ne. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, in suka riƙe kuwa ba sa saki.

Nafisa ta zo weekend ta zauna kusa da kakarta tana lallashi. "Hajiya, ki zauna a gida, za mu yi miki video call. It's not safe, wallahi."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Ni na yi miki wankan jarirai. A waya zan ga aurenki? Ko a kan gadon asibiti ne sai an kai ni."

A nan na gyara murya na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Zan sa wa motar sabon esi, in faka ta a ƙofar hall, a jona mata wuta, Hajiya ta samu ɗakinta mai sanyi. In ta gaji ta shiga, in ta huta ta fito. Hajiya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na ji kaina ya ƙara girma.

Sati biyu na yi ina nazarin esin rufin mota. Lokacin hutu a depot, wato garejin bas ɗinmu, abokan aiki na shan shayi, ni ina kallon bidiyo. Na san mai ƙara da mara ƙara, na san mai rimot, na san wanda ke hura ɗumi da hunturu. Har lacca na fara yi wa mutanen da ba su tambaye ni ba. A ƙarshe zuciyata ta kwanta a kan wani ƙato, fari sol, wanda aka ce yana iya sanyaya motar da ta ninka tawa. Na kira wani shagon kayan karaban a wajen garin Birmingham. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗauka.

Tambaya uku ta yi mini. Nawa ne faɗin ramin da ke rufin, inda esin yake zama? Nauyi nawa rufin zai iya ɗauka? Wutar da zan jona, ƙarfinta nawa?

Na ce mata ramin standard ne, santimita arba'in.

Ta ce, "Have you measured it, love?" Ta ƙara da cewa tsofaffin motoci da yawa nasu talatin da shida ne. In kwance murfin ciki, kusa huɗu ne kawai, in sa tef in auna.

Hajara tana tsaye tana ji, har ta buɗe durowa ta miƙo mini tef ɗin. Na rufe bakin wayar na ce mata, "Shekara goma sha tara ina ratsa bas tsakanin motoci ban taɓa gogar ko madubi ba. Idona tef ne." Sannan na ce wa Baturiyar ta ajiye mini babban.

Ranar Juma'a da sassafe muka kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Muka biya shagon aka ɗora mana kwalin (mutum biyu suka ɗauka, suna nishi, ni kuwa ina jin daɗin nishin nasu). Muka faka a filin ajiye motoci na hall ɗin. Mata suka shiga ciki suna kwalliyar wuri, Hajiya ta ce ita a mota za ta zauna da carbinta. Na je masallaci na dawo, ban ko cire farin kaftanina da hulata ba, sai ga Malam Yakubu da tsani a kafaɗa.

Malam Yakubu tsohon abokina ne ɗan Accra, mai gyaran wuta, shekararsa talatin a Birmingham, ba ya yawan magana. Muka kwance tsohon esin, muka sauke shi da igiya. Rami ya bayyana a rufin, haske ya faɗo a kan tebur. Yakubu ya dubi ramin, ya dubi takardar da ke cikin kwalin, ya sake duban ramin.

"Mutumina, wannan ba zai zauna ba."

"Zai zauna."

"Ramin ya yi ƙanƙanta. Bari in ɗauko tef a van."

Motar tasa ta van tana can bakin titi. Da na bar shi ya je ya dawo, da wannan labarin bai samu ba. Amma ina jin idon Hajiya a bayana, ga shi na riga na cika baki a gaban iyali. Na ce, "Wane tef? Arba'in ne cif. Ni da kaina zan iya wucewa ta ciki. Tsaya ka gani."

Ban san wane lissafi ne ya ce mini wucewar mutum hujja ce ba. Na tuɓe takalmi na hau tebur, na ɗaga hannuwa sama kamar mai shirin nutso, na cusa kai. Kai ya wuce. Na karkace, kafaɗa ɗaya ta wuce, ɗayar ta bi ta. Ƙirji ya wuce da ƙyar. Na dafa rufin na yunƙura da ƙarfi don in fito gaba ɗaya in tsaya a sama in yi wa Yakubu dariya.

A nan tumbina ya ce shi ba da shi ba.

Na yunƙura sama, shiru. Na ce to bari in koma ƙasa, sai kaftanin ya tattare ya naɗe a ƙarƙashin haƙarƙarina ya zama toshiya. Ina cikin wutsil-wutsil na shuri teburin, ƙafarsa ɗaya tilo ta lanƙwashe, ya kife. Sai ga ni rabi a Birmingham, rabi a cikin mota, ƙafafu na lilo.

Daga ƙasa na ji muryar Hajiya, ba ko gaggawa. "Ɗana, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Aiki nake dubawa."

Yakubu ya hau tsani ya kama hannuna ya ja, na yi ƙara. Ya sauka ya shiga ya ja ƙafa, na yi ƙarar da ta fi ta farko. Ya ce bari ya je ya ɗauko sabulu a van. Yana juya baya, sai ga motoci uku sun shigo filin a jere. Ƙofofi suka buɗe, manyan riguna suka fara fitowa, shadda sai ƙyalli take yi. Mutum tara na ƙirga. A gabansu wani dogon dattijo mai farin gemu da sanda. Idris yana gefensa, ya nuna motar, sannan ya ɗaga kai, sannan ya sauke hannunsa a hankali.

Ina da zaɓi biyu: in yi ihun neman taimako, ko in riƙe mutuncina. Na gyara hulata, na harɗe hannuwa a kan rufin kamar wanda ya leƙo ta tagar bene yana shan iska.

"Assalamu alaikum," in ji Alhaji Bala, ya kare rana da tafin hannu.

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Sannunku da zuwa."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen Manchester? Ya hidima?"

"Alhamdu lillahi. Ya mai jiki a Kano?"

Wallahi haka muka yi ta yi. Kun san gaisuwar Kanawa ba ta da birki. Da ya gama, ƙannensa suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi gajiyata. Rufin ya ɗauki zafi yana gasa mini gwiwar hannu, gumi na bin gemuna, ƙafafuna sun fara mutuwa, ni kuwa ina ta "lafiya lau, madalla". Har na fara tunanin zan tsira.

Sai Alhaji ya ce, "To ai sai ka sauko mu yi musabaha, Malam."

Na ce, "Yanzun nan, ranka ya daɗe. Akwai ɗan abin da nake ƙarasawa."

"Bari mu shiga mu gaida Hajiya kafin nan. Idris ya ce tana ciki."

Na ji an buɗe ƙofar motar, na ji takun sanda, na ji sallama, na ji Hajiya ta amsa. (Daga baya aka ba ni labarin abin da suka tarar: tebur a kife, tsohuwa na jan carbi, a saman kanta ƙafafu biyu na reto, safa ɗaya da huda a babban yatsa, ga wando ya fara zamewa don tazugen ya kwance.)

Sai na ji muryar Hajiya. "Surukinku ne. Wai aunawa yake yi."

Dariyar da ta tashi a cikin motar nan sai da na ji ta a ƙashin bayana, motar har girgiza take. Mata suka fito daga hall. Hajara ta ɗaga kai ta gan ni, ta sa hannu a baki, ta juya ta koma ciki. Nafisa ta fito da lalle a hannu, ta ce, "Dad! What are you doing?" da harshen nan nasu na Manchester, sannan ta zauna a kan dakali tana dariya har da hawaye.

Abin da ya ba ni mamaki, Alhaji Bala ne ya karɓi ragamar aikin. Na ji ya ce, "Ku riƙe mini sanda." Ya tuɓe babbar rigarsa. Abu na farko da ya yi, Allah ya saka masa, shi ne ya ɗaure mini tazuge. Hajiya ta zaro gwangwanin man kaɗanya daga jakarta (ba ta tafiya ko'ina babu shi), Yakubu ya hau sama ya shafe gefen ramin da haƙarƙarina, ya sa almakashi ya tsarge kaftanin ta baya. Alhaji ya rungumi ƙafar dama, Idris ya rungumi ta hagu.

"Malam, fitar da numfashi duka. Ɗaga hannu sama. Bismillah, ja!"

Na sulluɓo kamar kifi, muka zube mu uku a ƙasan mota. Na sami kaina a zaune a kan cinyar mahaifin ango, ina ƙamshin man kaɗanya. Ya miƙo mini hannu ya ce, "To, ga musabahar."

Yakubu ya sa tef a ramin. Talatin da shida.

Ƙarfe huɗu saura, shagon kuwa biyar suke rufewa. Ƙara faɗin ramin ba zai yiwu ba, don katako da wayoyi sun kewaye shi. In ba a samu wani esin yau ba, gobe Hajiya ba ta da mafaka, kuma na san ba za ta yarda ta zauna a masauki ba. Kunyata ta koma tsoro. Alhaji ya dubi fuskata ya ce wa Idris, "Kwantar da kujerun baya, a sa kwalin. Malam, shigo gaba."

Muka isa saura minti ashirin. Baturiyar ta dubi kwalin, ta dubi yagaggen kaftanina, ta ce, "Thirty-six?" Na gyaɗa kai.

Masu shiga ramin talatin da shida iri biyu ne suka rage mata. Ɗaya babba mai ƙarfi, ɗaya ƙarami, siriri, ba shi da wani kwarjini. Alhaji ya dafa babban ya ce, "A ɗauki wannan mana, ya fi kama da na manya."

Awa biyu da suka wuce da na rungume shi don wannan magana. Amma yanzu na san rufin nan fiye da wanda ya ƙera shi. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Lokacin da nake sama na ji rufin yana lotsawa a ƙarƙashin hannuna, ba zai ɗauki nauyin wannan ba. Kuma soket ɗin waje na hall ɗin layinsa ɗaya da kicin, Yakubu ya duba. In babban ya tashi, ana dumama shinkafa, wuta za ta ɗauke." Na juya na tambayi matar amp nawa na wuta ƙaramin yake ja in zai tashi, da nauyinsa, da tsawon da zai ƙara wa motar. Na rubuta a bayan hannuna, na kira Yakubu na karanta masa, ya ce ya yi.

Matar ta ce da Alhaji, "He's right, you know." Ban taɓa jin Turanci mai daɗin wannan ba.

Kafin magariba Yakubu ya ɗaure kusa ta ƙarshe. Na danna rimot. Wani siririn sauti ya tashi, sai iska mai sanyi ta sauko a kan fuskar Hajiya. Ta lumshe ido ta ce, "Yauwa."

Asabar ta zo da zafin da aka yi alkawari, har da ƙari. Aka ɗaura aure lafiya, aka dawo hall. Kafin azahar wurin ya zama tanda, fankokin nan huɗu suna juya zafi kawai, mutane na fifita da faranti na takarda. Ina lura da Hajiya daga nesa. Ana cikin rabon abinci na ga ta jingina da kujera, leɓenta ya yi fari, carbin ya zame daga hannunta. Nafisa ta riga ni isa, da kayan amarcinta da komai, ta kama wuyan hannunta tana duba agogo.

"Dad, mota. Yanzu."

Ni da Idris muka tallafe ta. Tun safe na bar esin a kunne, muna buɗe ƙofa sanyi ya tarye mu. Muka kwantar da ita, Nafisa ta ba ta ruwa da maganinta, ta ce in minti goma suka wuce ba ta dawo daidai ba za ta kira ambulance. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙirjin tsohuwar nan yana hawa yana sauka, ban san na riƙe rimot ɗin da hannu biyu ba. A minti na bakwai ta buɗe ido ta ce, "An ajiye mini waina kuwa?"

Nafisa ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ta rungume ni ta ce, "Na gode, Baba." Ba Dad ba. Baba.

Daga nan labari ya bazu. Mahaifiyar ango ta zo ta ce minti biyar kawai za ta yi. Aka kawo kek ɗin biki don ya fara narkewa. Aka kawo wata mai ciki, aka kawo liman. Amarya ta dawo a gyara mata kwalliya. Har layi aka yi, ni kuwa ina bakin ƙofa kamar a bakin aikina, ina cewa, "Tsofaffi tukuna, jama'a, a matsa ciki." A can kicin tukwane huɗu na kan wuta, ko ƙiftawa fitila ba ta yi ba. Hajiya ta koma hall sau uku, a na ukun har ta ɗan taka rawa a gaban jikarta.

Da la'asar Alhaji Bala ya samu wuri kusa da ni, ya cire hula ya miƙa kansa ga sanyin. Ya ce, "Malam, da ka bi tawa jiya, da yanzu muna cikin duhu da ɗanyar shinkafa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni fa tsoron haɗuwa da kai nake yi. Idris ya ce mini kai mutum ne mai tsare gida, ba ka wasa."

Na ce, "To yanzu fa?"

Ya ce, "Yanzu ai na riƙe ƙafarka."

Tun daga ranar duk sati sai mun yi waya, kuma na daina bita kafin in kira shi. Ɗaya daga cikin ƙannensa ashe ya ɗauki bidiyo, ya kai Kano, ya kai Kumasi. In na shiga Small Heath yanzu, tun daga bakin shagon nama ake ɗaga mini hannu ana cewa, "Alhaji Talatin da Shida, an sauko lafiya?" Nakan amsa da fara'a, don duk wanda ya kira ni haka, akwai yiwuwar ya sha sanyin motata.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In tsohuwar da ta shekara tana sayar da abu ta ce ka auna, matarka kuma ta miƙo maka tef, to ka karɓa. In kuma ka ƙi, ka rantse sai ka auna da jikinka, don Allah ka fara duba safarka, ka kuma ƙara wa tazugenka ƙulli ɗaya.